Malam Tsallake-Biyu da Waƙar Auta

Ƙarfe bakwai saura kwata yake jingine kekensa a bangon ɗakin kiɗa, daidai inda jinginar shekara talatin da ɗaya ta cinye fenti har siminti ya fito. Ba ya buɗe ƙofa sai ya ciro tsumma daga aljihu ya goge hannuwansa tas, kamar mai shirin gaisawa da surukai. A ciki akwai benci goma sha biyu, da allo mai layuka biyar-biyar, da wani tsohon fiyano wanda ƙafarsa ɗaya ta karye tun kafin a haifi wasu malaman makarantar, aka tokare shi da guntun katako. Zai buɗe tagogi, ya zauna, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, kai a karkace, yana neman wanda ya kwana da mura. In ya samu, sai ya ɗaga murfi ya zura hannu yana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa. Mai shara ta ce ta fi shekara tana zaton a waya yake magana.

Wannan shi ne malamin kiɗa na makarantar sakandaren da ke bayan tashar mota, wanda ya ajiye aiki a makon jiya. Sunansa na gaskiya yana cikin fayil a ofis, amma in da shi ka je nemansa sai ka sha yawo. Ka ce Malam Tsallake-Biyu, ko mai gadi zai nuna maka ɗakin da baki.

Sunan yana da tushe. Mai kaɗa fiyano ba ya barin waƙa ta tafi ita kaɗai. Hannun hagu yakan danna maɓalli uku a lokaci guda, su haɗu su zama shimfiɗar da muryar mai waƙa za ta taka. Abin da littafin manhaja ya koyar shi ne: ka ɗora yatsa, ka tsallake maɓalli ɗaya, ka ɗora, ka sake tsallake ɗaya, ka ɗora. Uku-uku ake ce masa, don in ka ƙirga daga yatsa zuwa yatsa uku za ka samu. Malam ya iya wannan ido a rufe, kuma yana koyar da shi tsakani da Allah, tunda shi ake tambaya a jarrabawa. Amma da zarar an rufe littafi sai ya ce, "To, yanzu ku tsallake biyu." Haɗin ya koma huɗu-huɗu, yatsu su ware, sautin ya yi faɗi. Yakan gaya wa ɗalibai cewa uku-uku da ka danna shi ya riga ya yanke hukunci, ko murna ko baƙin ciki, kuma yana jan waƙa ta kunne zuwa inda yake so ta sauka. Huɗu-huɗu kuwa ba ya yanke komai, yana tsayawa ne ya ga inda mai waƙa zai nufa.

Ba a littafi ya fara samo wannan ba. A bakin mahaifiyarsa ya samo shi, kuma da faɗa. Shekarar da ya kama aiki ta zo ganin inda ɗanta yake koyarwa. Shi kuwa, da ɗokin sabon malami, ya zaunar da ita a bencin gaba ya kaɗa mata waƙar da take yi masa yana ƙarami. Ya jera mata uku-uku yadda aka koya masa, har da 'yar kwalliya a ƙarshe, sannan ya juyo yana jiran yabo.

"Waƙar wa ke nan?" ta ce.

"Taki mana, Inna."

"A'a. Ta dai yi kama da tawa. Ka sa mata takalmin da ya matse ta, ga ta nan tana ɗingishi."

Maganar ta tsaya masa a wuya wata da watanni. In an tashi daga makaranta sai ya zauna yana rera waƙar a hankali yana laluben maɓallanta, har ya gane sautuka biyar kacal take takawa: do, re, mi, so, la. Wata rana ya jera su ta wata hanyar, daga mi zuwa la, zuwa re, zuwa so, zuwa do, sai ya ga tsakanin kowanne da na gabansa maɓalli biyu ake tsallakewa. Ashe waƙar tana ɗauke da shimfiɗarta a jikinta, duk inda murya ta sauka cikin 'yan uwanta ta sauka. Da Inna ta sake zuwa ya kaɗa mata, ba ta yabe shi ba, don ba halinta ba ne. Ta dai bi waƙar har ƙarshe, ta ce a sake.

Ya yi shekara biyu yana ganin shi ya ƙirƙiro abin, har matarsa ta gaji da jin labari. Sai ya tarar a wani tsohon littafi cewa makaɗa a ƙasashe masu nisa sun daɗe da sanin huɗu-huɗu. Ya dawo gida jiki a sanyaye.

"To, mai ƙirƙira, an riga ka ke nan?" in ji matar, tana danne dariya.

"An riga ni," ya ce. "Amma ba su san Inna ba."

Masu duba malamai ba su ga abin dariya a ciki ba. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta cewa malamin yana da ƙwazo, sai dai yana barin waƙa a buɗe, ba ya rufe ta yadda littafi ya ce. Takardar ta bi shi cikin fayil. Waɗanda suka zo bayansa suka zama shugabannin sashe, wasu suka zama shugabannin makarantu, shi yana nan da tsummansa da guntun katakonsa. Ƙarya ne a ce abin bai yi masa ciwo ba. Ya yi masa, matarsa shaida ce. Amma bai daina tsallake biyu ba, kuma bai taɓa kora ɗalibi layin baya ya ce ya riƙa motsa baki kawai ba. Kai ne, Malam, in yarinya ta saki hanya sai ka matsar da hannunka ka tarye ta a inda ta faɗa, ajin ma bai san an yi ɓatan kai ba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ɗalibai ita ce ta kai shi asibiti. Yanzu babbar nas ce a sashen masu shanyewar ɓarin jiki, kowa Sista yake kiranta. Shekara takwas da suka wuce ta same shi a ɗakin kiɗa ta ce, "Malam, muna da mutanen da magana ta ƙwace musu, amma wasu in sun ji waƙa sai mu ga leɓensu yana motsi. Likitoci muna da su. Mai haƙurin da ya iya zama da muryata shekara uku nake nema."

Tun daga lokacin, kowace Alhamis ƙarfe uku da rabi, yakan ɗaure wani ƙaramin fiyano mai batir a bayan keke da robar taya, ya nufi asibitin. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya rubuta shi a ko'ina.

A can ya haɗu da Baba Direba. Shekara arba'in tsohon ya yi yana tuƙa bas a cikin gari, mutum ne mai surutu wanda fasinja kan wuce tasharsa saboda daɗin hira. Ciwon ya kama ɓarinsa na dama ya tafi da maganar gaba ɗaya. Yana jin komai, yana gane komai, amma in ya buɗe baki sai wani sautin daban ya fito. Masu zuwa dubiya kuwa, don ƙauna, sai su sunkuyo su ce, "A'a Baba, ruwa. Ce ru-wa." Da aka yi masa haka ya isa, sai ya juya fuska bango. Wata huɗu bai ko gwada ba.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda yake kira Auta, tana aiki a kantin magani, kullum da rana tana gefen gadonsa. Babban ɗansa kuma yana zaune a wani gari mai tafiyar yini guda, ya yanke cewa ƙarshen wata zai zo ya ɗauke mahaifinsu. Ba mugunta ba ce, yana da ɗaki, yana da masu kula, likita kuma ya ce ci gaban ya tsaya. Amma Auta ta san in aka tafi da tsohon nan fuskarsa tana bango, haka za ta zauna har ƙarshen ransa. Alhamis uku suka rage lokacin da ta tare Malam a baranda.

"Malam, ba doguwar hira nake nema ba," ta ce. "Ya kira ni sau ɗaya kawai. Ko da faɗa ne."

"Yana da waƙa?"

"Akwai wata da yake yi mini in zai kai ni makaranta a gaban bas. Shi ya ƙaga ta, ba kai ba gindi."

"Irinsu nake so. Yi mini."

Ta rera masa a hankali, tana jin kunyar masu wucewa. Ya ƙirga a ransa, sautuka biyar ne.

Alhamis ta farko shi da kansa ya ɓata ta, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba. Ya zauna gefen gado ya danna haɗinsa a hankali, Auta tana rerawa. Can sai wani gurnani ya fito daga maƙogwaron tsohon, sauti uku, huɗu, yana bin waƙar. Murna ta kama Malam, hannunsa ya riga tunaninsa, ya ruga ya rufe waƙar da uku-uku a inda littafi zai rufe ta. Muryar tsohon kuwa tana kan hawa ne, ba ta iso ba. Sautukan suka yi karo. Baba Direba ya katse waƙar, ya dubi fiyanon, ya dubi mai kaɗawa, ya mayar da fuska bango. A ganinsa an sake gyara masa.

Ranar Malam bai hau keken ba, tura shi ya yi har gida. Matarsa ta ga fuskarsa ta tambaye shi lafiya.

"Na sa wa waƙar mutum takalmi," ya ce. "Ni, bayan shekara talatin."

Alhamis ta biyu, kafin ya kwance robar fiyanon, ya tsaya a kan tsohon ya ce, "Baba, makon jiya ni na yi kuskure, ba kai ba. Kai ne direba, ni kwandasta, na tsayar da mota ba ka ce ba. Ka yafe ni." Tsohon bai juyo ba. Malam ya zauna ya danna re, so, do, ya bar su suna shawagi. In sun kusa mutuwa sai ya matsa gaba taki ɗaya, ko ya koma baya taki ɗaya. Minti arba'in yana haka, babu waƙa, babu magana. Dab da tashi Sista ta hango yatsun hagun tsohon suna ƙwanƙwasa ƙarfen gado, suna bin kiɗan. Iyakar abin da aka samu ke nan. A baranda Auta ta share ido ta ce, "Saura ɗaya, Malam." Ya so ya yi mata alkawari, amma ba shi da abin da zai yi alkawarin da shi, sai ya ce mata kawai zai zo.

Alhamis ta uku ya tarar babban ɗan ya riga ya iso da mota, an haɗa jaka an tura ƙarƙashin gado. Mutumin ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Malam, a yi haƙuri, gobe da safe za mu kama hanya." Sannan ya tsaya bakin ƙofa yana satar duba agogo.

Malam ya ja kujera ɓangaren hagun tsohon. Ya ce wa Auta, "Yau kada ki rera. Kome ya faru, kada wanda ya taimake shi."

Ya danna haɗinsa ya jira. An ɗauki lokaci, har mai gadon kusa ya fara gyangyaɗi. Sai gurnanin ya dawo, ƙasa sosai, nesa da inda Auta ta rera. Malam ya sauke hannu ya same shi a can. Muryar ta haura, ya bi ta. Ta karkace, ya karkace tare da ita. Duk inda ta taka sai ta tarar da shimfiɗa, har tsohon ya juyo da kai yana kallon yatsun kamar yana neman inda za a kama shi, bai samu ba. Ya kai tsakiyar waƙar, ya tsaya cak.

Auta ta buɗe baki, Sista ta dafa mata kafaɗa. Malam ya ji hannunsa na dama yana ƙaiƙayin ya ƙarasa waƙar, sai ya ɗaga cinya ya zauna a kan hannun. Na hagu kawai ya bari a kan maɓalli uku, a buɗe, yana sabunta su in sun yi sanyi. Leɓen tsohon yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan, a cikin waƙar, da murya mai tsatsa:

"Au... ta. Auta... hau... mu tafi."

Auta ta zube a gwiwa gefen gado. "Na'am, Baba," ta ce. "Na'am. Ga ni."

Ya sake jan numfashi ya ƙara layi na biyu, rabi kalma rabi gurnani, amma ita ta ji shi sarai, don ta san shi tun tana da shekara shida: kujerar gaba taki ce.

Babban ɗan ya fita baranda, ya daɗe. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya sunkuya ya jawo jakar daga ƙarƙashin gado, ya shiga mayar da kofi da tawul da carbi cikin durowa. Sai da ya gama ya ce, "Malam, Alhamis ƙarfe nawa kuke zuwa?"

Kada wani ya ɗauka tsohon ya tashi washegari yana zuba hira. Likitoci da masu koyar da magana sun yi aikinsu wata da watanni, Auta ta yi nata a gidanta inda aka mayar da shi, kuma har yau kalmominsa ɗaiɗai suke zuwa, kowace da gumi. In an yabi Malam a kan wannan sai ya kaɗa hannu ya ce shi shimfiɗa kawai ya yi, mai tafiya daban.

A makon jiya aka yi taron sallamarsa a zauren makaranta da rana. An yi jawabai, shugaban makaranta ya rage masa shekara biyu a lissafin aiki, an ba shi agogon bango, shi da bai taɓa makara ba. Ana shirin tashi sai Auta ta turo mahaifinta a keken marasa lafiya, Sista tana biye. Aka riƙe masa lasifika a baki. Ya buɗe baki, kalma ta ƙi zuwa. Zauren ya fara motsi, shugaban makaranta ya sunkuyo zai taya shi, Sista ta kama hannun rigarsa. Malam ya tashi ba tare da ya dubi kowa ba, ya je ga tsohon fiyanon da aka turo zauren da guntun katakonsa, ya danna re, so, do, a hankali, ya riƙe.

"Wannan... malamin," in ji Baba Direba, "bai... gyara ni ba. Ya... jira ni."

Matar Malam, wadda ta shekara talatin tana yi masa tsiya a kan tsallake biyu, ita ce ta fara rufe fuska da mayafi.

To, Malam, mun gode. Kai ne mai faɗin hannu, wanda ya bar wa muryar kowa wurin zama. Mun gode a madadin 'yan layin baya da ba ka taɓa kai su baya ba, da masu gadajen da ka zauna kusa da su Alhamis ɗari huɗu ba tare da sunanka ya shiga wata takarda ba. Mun gode da ranar da ka tura keke har gida don kunyar kuskurenka, da kuma makon da ka koma ka ba da haƙuri ga mutumin da ba zai iya amsa maka ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ji ƙan Inna da ta ƙi yabon abin da bai yi mata ba, ya ƙara wa yatsun nan lafiya. Makaranta ka bari, mun sani, asibitin kuwa Sista ta ce ko ka kawo takardar ajiye aiki ba za ta karɓa ba.

Mu kuma da muka rage, ba sai mun iya fiyano ba. Kowannenmu yana da wani a gida ko a wurin aiki wanda yakan tsaya tsakiyar magana yana laluben kalma: tsoho, ko mai in'ina, ko wanda kunya ta shaƙe. Bakinmu zai yi ƙaiƙayi mu ƙarasa masa, don mun san inda za shi, ko muna zaton mun sani. In lokacin ya zo, mu tuna da Malam Tsallake-Biyu a gefen gadon nan, ya zauna a kan hannunsa na dama, har tsohon ya kira 'yarsa da bakinsa.